Fada Gregor Mendel (1822–1884): Mai Lambun Da Ya Gano Dokar Gado

A wannan shafi mun saba kawo muku tarihin bayin Allah da suka riga mu gidan gaskiya, domin mu ga yadda suka yi aiki da baiwar da Ubangiji ya danƙa musu. A wannan fitowa za mu duba rayuwar Fada Gregor Mendel, firist na ƙungiyar Waliyyi Agustin, wato ƙungiyar da ta aiko mana da fadoji daga ƙasar Ayilan a ƙarshen shekarun 1930, waɗanda suka yi aikin bishara a Adamawa da Borno da Jos.

Ikilisiya ba ta ayyana Fada Mendel waliyyi ba. Bai yi shahada ba, bai kuma tafi wata ƙasa mai nisa yin wa'azi ba. Aikin da aka san shi da shi shi ne shuka wake a wani ƙaramin lambu, yana ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya har shekara takwas. Amma duk wanda ya taɓa jin kotu ta ba da umarni a yi gwajin DNA don a san uban yaro, ko an gane gawar wanda ya ƙone a haɗari, ko an saki wani daga kurkuku bayan gwaji ya wanke shi, to, ya ji labarin amfanin da aka girba daga wannan lambu.

Ɗan manomi

An haife shi a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya. Yau ana kiran ƙauyen Hynčice, yana cikin Jamhuriyar Cek. Littafin baftisma ya nuna ranar 20 ga wata, shi kuwa ranar 22 yake tunawa da haihuwarsa. Sunan da aka raɗa masa shi ne Johann, wato Yohanna. Mahaifinsa Anton da mahaifiyarsa Rosine talakawa ne manoma. A wancan zamani tilas ne manomi irin Anton ya yi wa mai ƙasa aikin kwana uku a kowane mako kafin ya juya ga tasa gonar. Duk da haka yana da garkar itatuwa masu 'ya'ya, a nan kuma yaron ya koyi yi wa itace aure, kamar yadda masu lambunanmu suke yi wa mangwaro da lemo.

Fadan ƙauyen, Johann Schreiber, mutum ne mai son a koya wa yara sanin tsirrai da kiwon zuma tare da katekisim. Shi da malamin makaranta suka lura da hazaƙar yaron, suka shawo kan iyayensa a tura shi karatu. A 1834 ya shiga makarantar sakandare a garin Troppau. Iyayen ba su da halin biyan cikakken kuɗin abinci, sai dai su aika masa da burodi da man shanu daga gida idan sun sami mai tafiya. A 1838 gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, ya nakasa shi, ɗan taimakon da ke zuwa daga gida ya yanke. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga koyar da 'yan'uwansa ɗalibai domin ya sami na abinci.

Daga 1840 zuwa 1843 ya yi karatun falsafa a garin Olmütz. Yunwa da damuwa sun kwantar da shi fiye da sau ɗaya, har ya koma gida ya yi watanni yana jinya. A nan ne ƙanwarsa Theresia ta yi abin da ya kamata a riƙa tunawa da ita saboda shi: ta ɗauki wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aurenta ta ba wanta ya ƙarasa karatu. Bai manta da wannan alheri ba. Bayan shekaru, shi ne ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A gidan Waliyyi Toma

Malaminsa na kimiyyar fiziks, Friedrich Franz, wanda shi ma firist ne, ya ba shi shawarar shiga gidan 'yan'uwa na Waliyyi Toma da ke birnin Brno. Aka karɓe shi a watan Oktoba na 1843, ya ɗauki sunan Gregor. Bai ɓoye ba cewa talauci yana cikin abin da ya kai shi ƙofar gidan. Allah yakan kira bawansa ta hanyar da ya ga dama, kuma shekara arba'in da ya yi a cikin alkawarinsa sun nuna cewa kiran na gaskiya ne.

Shugaban gidan a lokacin, Cyrill Napp, mutum ne mai son ilimi. A ƙarƙashinsa gidan yana da babban ɗakin karatu da lambun gwaji, 'yan'uwa kuma suna koyarwa a makarantun birni. Yankin Morabiya ya yi suna wajen kiwon tumaki masu ulu, saboda haka makiyaya da masana suna yawan muhawara a kan yadda halin rago ko tunkiya yake bin 'ya'yansu. Napp yana cikin masu cewa ba za a ci gaba ba sai an san abin da ake gada da yadda ake gadonsa.

An naɗa Mendel firist ranar 6 ga Agusta, 1847. Aka ba shi aikin ikilisiya, wanda ya haɗa da ziyarar marasa lafiya a asibiti. Ganin wahalar masu ciwo da masu baƙin mutuwa ya fi ƙarfin zuciyarsa, har shi kansa ya kwanta. Napp bai kore shi ba, bai kuma tilasta masa ba. Ya rubuta wa Bishop ya bayyana masa halin da ake ciki, sa'an nan a 1849 ya tura shi koyarwa a garin Znaim. Ɗalibai suka so shi, amma da ya zauna jarrabawar samun takardar malanta a 1850 sai ya faɗi. Napp ya sake tsaya masa, ya tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi fiziks wurin Christian Doppler, ya koyi ilimin tsirrai wurin Franz Unger, ya kuma koyi yadda ake auna abu da lissafi maimakon a tsaya ga kallo da zato. Ya dawo Brno ya kama koyarwa a 1854. A 1856 ya sake zama jarrabawar, rashin lafiya ta kama shi, bai samu ba. Har ya bar aji bayan shekara goma sha huɗu, matsayinsa bai wuce na malamin riƙon ƙwarya ba.

Shekara takwas a lambu

A shekarar da ya faɗi jarrabawa karo na biyu ne ya soma aikin da ya sa muke ambatonsa yau. Lambun bai wuce mita 35 a tsawo da mita 7 a faɗi ba, ga kuma ɗakin gilashi na renon tsirrai da Napp ya gina. Abin da ya zaɓa shi ne waken Turawa mai 'ya'ya mulmulallu. Tun da farko ya tara iri 34, ya shuka su shekara biyu don ya tabbata kowane iri yana haifar da irinsa ba gauraye, sa'an nan ya zaɓi 22.

A wancan zamani mutane da yawa suna tsammanin gado kamar haɗa ruwa da nono ne, wato halin uwa da na uba suna narkewa cikin juna, ɗa ya fito tsaka-tsaki. Mendel ya ware halaye bakwai masu sauƙin bambantawa, kamar ko ƙwayar sumul take ko mai tamoji, ko rawaya ce ko kore, ko tsiron dogo ne ko gajere. Yakan buɗe fure da ɗan hantsaki ya cire sashen namiji tun bai nuna ba, ya ɗebo garin fure daga wani tsiro, irin abin da muke kira bununi a gero, ya shafa, sa'an nan ya rufe furen da 'yar jaka don kada ƙwari su kawo wani garin. Haka ya yi ta yi daga 1856 zuwa 1863, a kan tsirrai wajen 28,000.

Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye, babu tsaka-tsaki ko ɗaya. Da ya bar waɗannan dogayen suka yi barbara da kansu, sai ga gajeru sun sake ɓullowa a cikin jikoki: dogaye 787, gajeru 277. A wajen siffar ƙwaya ya ƙirga masu sumul 5,474 da masu tamoji 1,850. A wajen launi ya sami rawaya 6,022 da kore 2,001. Ko'ina lissafin yana komawa kusan uku bisa ɗaya.

Daga nan ya fahimci cewa halin da ya ɓace a 'ya'ya bai narke ba, laɓewa ya yi. Kowane tsiro yana ɗauke da abin gado guda biyu na kowane hali, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan biyun suka bambanta, ɗaya yakan rinjayi ɗayan a ido, amma wanda aka rinjaya yana nan yadda yake. In lokacin haihuwa ya zo, biyun sukan rabu, kowane ɗa ya karɓi guda ɗaya kawai daga kowane mahaifi. Wannan ita ce dokar farko ta Mendel. Ya kuma nuna cewa halayen da ya gwada kowanne yana bin hanyarsa, launi ba ya jan siffa.

Mu a nan ƙasar mun san wannan lissafi a jikinmu. Idan miji da mata dukansu AS ne, ba wanda ciwon sikila ya bayyana a jikinsa, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Lissafin yana sabuntuwa ne a kowace haihuwa, ba wai sai ɗa na huɗu ba, shi ya sa wani gida yakan sami masu ciwon biyu a jere, wani kuma bai samu ko ɗaya ba. Wannan ne dalilin da ya sa ikilisiyoyi da yawa suke neman masu shirin aure su yi gwajin jini tun kafin a sa rana.

Ba a saurare shi ba

Ranar 8 ga Fabrairu da ranar 8 ga Maris, 1865, ya karanta sakamakon aikinsa a gaban ƙungiyar masu binciken halitta ta Brno. An saurare shi cikin ladabi, aka watse. A 1866 aka buga aikin a mujallar ƙungiyar, aka aika da ita ɗakunan karatu sama da ɗari, shi ma ya karɓi kofe 40 domin ya aika wa masana. Masu ilimin tsirrai na lokacin ba su saba ganin lissafi a fagensu ba, masu lissafi kuwa ba ruwansu da wake. Babban masani Carl Nägeli na birnin Munich ya amsa wasiƙunsa, amma bai gane muhimmancin abin ba. Mendel ya shiga gwada dokarsa a kan wata ciyawa mai ƙananan furanni da ake kira Hieracium, wadda Nägeli ya ƙware a kanta. Ya yi shekaru yana wahala har idanunsa suka raunana, sakamakon bai dace da na wake ba. Sai bayan mutuwarsa aka gano cewa wannan ciyawa takan yi iri ba tare da barbara ba, don haka ba ta dace da irin wannan gwaji ba tun asali.

Napp ya rasu a 1867, a watan Maris na 1868 kuma 'yan'uwa suka zaɓi Mendel ya gaje shi. Ɗan manomin da ya yi karatu da yunwa ya zama shugaban gida mai gonaki da kadarori. Hannunsa a buɗe yake ga matalauta da ɗalibai, ya kuma ba da kuɗi aka kafa ƙungiyar kashe gobara a ƙauyensu. Ya ci gaba da kiwon zuma, yana rubuta yanayin sama sau uku a rana, har ya yi cikakken bayani a kan guguwar da ta afka wa Brno ranar 13 ga Oktoba, 1870. A cikin 'yan takardun wa'azinsa da suka tsira akwai na Idin Tashin Ubangiji, inda ya yi tunani a kan yadda Maryamu Magadaliya ta ɗauka Yesu mai lambu ne. Ya kwatanta alherin Allah da iri da aka ba mutum, ya nuna cewa wajibin mutum ne ya gyara ƙasa ya kula da shi har ya yi 'ya'ya.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da ɗaci. A 1874 gwamnati ta yi dokar ɗora wa gidajen 'yan'uwa haraji na musamman. Mendel ya ga dokar ba ta da adalci, ya ƙi biya. Sauran shugabannin gidaje suka sassauto ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai ya tsaya, har gwamnati ta riƙe wasu kadarorin gidan. Rigimar ta cinye ƙarfinsa, ta raba shi da abokai, wasu 'yan'uwansa ma suna ganin taurin kan ya yi yawa. Ciwon ƙoda da na zuciya suka kama shi, ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, yana da shekara 61. Leoš Janáček, wanda ya yi yarintarsa cikin mawaƙan gidan, daga baya kuma ya shahara a duniya, shi ne ya jagoranci kiɗa a jana'izar. Matalauta da yawa suka bi gawar. An yabe shi a kan alherinsa da zumarsa da itatuwansa, amma aikin wake bai sami mai ɗaga shi ba. Yawancin takardunsa ma ƙone su aka yi bayan mutuwarsa.

Daga wake zuwa DNA

Mahaƙurci mawadaci. A 1900, shekara goma sha shida bayan rasuwarsa, masana uku, Hugo de Vries na Holan, da Carl Correns na Jamus, da Erich von Tschermak na Ostiriya, suka buga sakamakon gwaje-gwajensu, aka ga ashe firist ɗin Brno ya riga su da shekara talatin da biyar. Daga nan ilimin gado ya kafu. Ba da daɗewa ba aka gano cewa rukunin jinin mutum, A da B da AB da O, yana bin dokarsa, kotunan Turai suka soma amfani da shi a shari'ar uba da ɗa. Sai dai rukunin jini yana iya cewa wane ba uban ba ne, amma ba ya iya nuna uban, gama miliyoyin mutane suna da rukuni ɗaya.

Mendel bai taɓa ganin abin gadon da ya yi lissafinsa ba. A 1869, yana da rai, wani likita mai suna Friedrich Miescher ya ware wani sinadari daga cikin ƙwayoyin jiki, ba wanda ya san aikinsa. Sai a 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan sinadari, wanda ake kira DNA, shi ne yake ɗauke da gado. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, suna dogara da hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. A kusan kowace ƙwayar jikinmu DNA yana naɗe cikin dami 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba, daidai da abin da wake ya nuna.

A 1984, shekara ɗari cif bayan rasuwar Mendel, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi jawabin tunawa da shi a watan Maris, ya yabe shi a matsayin mutumin da ya haɗa bangaskiya da kimiyya. A watan Satumba na shekarar, Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano cewa akwai wurare a jikin DNA inda wani guntu yake maimaita kansa, yawan maimaicin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A kowane irin wannan wuri mutum yana da lamba biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. A misali, idan yaro yana da 12 da 15, uwarsa tana da 12 da 14, to, 15 daga uba ta fito, namijin da yake da 10 da 11 kuwa bai dace ba. Masu gwaji sukan duba wurare goma sha biyar zuwa ashirin ko fiye, ba sa kuma yanke hukunci a kan saɓanin wuri ɗaya, domin wani lokaci lamba takan sauya tsakanin uba da ɗa. In ban da tagwaye masu kama ɗaya, da wuya ƙwarai mutum biyu su dace a dukan wuraren.

Aikin farko da aka yi da wannan gwaji, a 1985, shi ne mayar wa uwa ɗanta. Wani yaro na iyalin da asalinsu 'yan Gana ne ya dawo Ingila daga Gana, jami'an shige da fice suka yi zargin ba ɗan matar ba ne, suka yi niyyar korarsa. Ba a sami uban don gwaji ba, sai Jeffreys ya gwada matar da 'ya'yanta uku da ba a tababa a kansu, ya fitar da kason uban daga nasu, ya nuna cewa yaron ɗanta ne, uba ɗaya da sauran. Gwamnati ta janye ƙarar.

A 1986 aka kai gwajin fagen binciken laifi. An kashe 'yan mata biyu kusa da Leicester, ɗaya a 1983, ɗaya a 1986, wani saurayi ɗan shekara 17 kuma ya amsa laifin kisan na biyu a hannun 'yan sanda. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma ba saurayin ba ne, aka sake shi. Aka gwada maza wajen 5,000 na yankin. Mai laifin ya sa wani abokin aikinsa ya ba da jini a madadinsa, asiri ya tonu, aka kama shi a 1987, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 1988. A ƙasar Ajantina kuwa, inda sojoji suka ƙwace jariran waɗanda suka kashe tsakanin 1976 da 1983, kakanni mata suka matsa har aka kafa ma'ajiyar bayanan gado ta ƙasa a 1987, an kuma gano jikoki sama da 130.

An buɗe kabarinsa

Ko a ƙasarsa sunan Mendel ya sha wuya. Gwamnatin kwaminis ta rufe gidan Waliyyi Toma a 1950, an kuma yi shekaru ana ƙyamar koyar da dokarsa. 'Yan'uwa ba su dawo ba sai bayan faɗuwar wannan mulki a 1989.

Da cikarsa shekara 200 da haihuwa ta gabato, masana na Jami'ar Masaryk ta Brno suka nemi izinin ƙungiyar Waliyyi Agustin, suka buɗe kabarin 'yan'uwa a babbar maƙabartar birnin a 2021. Suka tarar da akwatunan gawa biyar, wani bisa wani. A cikin wani akwatin ƙarfe da ke can ƙasa an shimfiɗa jaridu masu kwanan wata na dab da rasuwarsa. Wannan alama ce mai ƙarfi, amma suna son tabbaci. Suka ɗebi samfuri daga kayan da ya yi amfani da su, kamar tabarau da madubin ƙara girman abu, suka kuma sami silin gashi a cikin wani littafinsa. Da aka gwada, DNA ɗin ya dace da na ƙasusuwan. Binciken ya nuna tsayinsa santimita 168 ne, yana kuma ɗauke da gadon da ake dangantawa da ciwon ƙoda da na zuciya. Bayan an gama aka mayar da shi kabarinsa da addu'a. Ta haka ilimin da ya tsiro daga lambunsa ya dawo ya shaida ƙasusuwansa.

Abin da ya rage gare mu

Rayuwar wannan firist tana tuna mana cewa bincika halittar Allah da gaskiya hidima ce. Shekara takwas yana ƙirga ƙwayar wake ba mai duba shi, bai sami yabo ba har ya koma ga Mahaliccinsa, amma aikin ya wanke marar laifi, ya haɗa uwa da ɗanta, ya ba iyalai gawar 'yan'uwansu suka binne. Masu aiki a asibiti da ɗakin gwaji da ofishin 'yan sanda da kotu su lura: gwajin ba ya fin amincin hannun da ya ɗauki samfurin, ya rubuta suna a kansa. Wanda ya musanya samfuri ko ya sayar da sakamako ya yi shaidar zur.

Game da gwajin uba da ɗa, dokar Ikilisiya, a sashe na 1138, tana ɗaukar mijin uwa a matsayin uban yaron da aka haifa cikin aure, sai in hujja bayyananniya ta nuna akasin haka. Ikilisiya ba ta tsoron gaskiya. Namijin da ya yi wa yarinya ciki ya musanta, ya bar ta da kunya da wahala, ya sani yanzu akwai mai ƙaryata shi, wajibinsa ne ya karɓi ɗansa. Amma muna gargaɗin maza da dangin miji kada a mai da gwajin makami saboda tsegumi, ko don yaro bai yi kama da ubansa ba. Mendel ya nuna cewa hali yakan laɓe a iyaye ya fito a jika, saboda haka kama ko rashinta ba hujja ba ce. Wanda zargi ya dame shi ya fara zuwa wurin Fada ko dattawan ikilisiya, ya kuma yi tunanin abin da zai yi da amsar tun kafin ya nema. Kowane irin sakamako ya fito, yaron ba shi da laifi, baftismarsa tana nan, haƙƙinsa na ci da sha da karatu da ƙauna yana nan.

Takardar gwaji tana faɗin wanda ya haifa, riƙo kuwa aikin zuciya ne. Waliyyi Yusufu bai haifi Yesu ba, amma shi ya tsare shi, ya ciyar da shi, ya koya masa sassaƙa. Fada Mendel bai bar ɗa na cikinsa ba, duk da haka yara uku na ƙanwarsa sun tashi a inuwarsa, kamar yadda shi ma ya tashi a inuwar Napp, wanda bai yashe shi ba sa'ad da ya kasa aikin asibiti ya kuma faɗi jarrabawa.

Mu yi addu'a domin iyalan da zargi ya shiga tsakaninsu, da waɗanda ke tsare a kan laifin da ba su yi ba, da masu neman 'yan'uwansu da suka ɓace. Allah ya ba masu bincike tsoronsa, ya ba bawansa Gregor madawwamin hutu. Amin.